Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya A Wuyan Hukuma Da Jama'a

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai kowa Mai komai, wanda Ya sanya zaman lafiya ya zama babbar ni'ima ga bayinSa, Ya kuma sanya adalci ya zama ma'aunin mulki. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, bayanin wannan mako ya shafi wasu bayin Allah ne waɗanda Hausawa ke kira 'yan mazan jiya, watau tsofaffin sojojin da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a bakin daga, sa'an nan suka tuɓe kaki suka komo gida. Abin da ake so a duba shi ne haƙƙin da Shari'a ta ɗora a wuyan hukuma da jama'a game da su, ta wajen abin da za su ci su ciyar da iyalinsu, da kuma ta wajen lafiyar hankalinsu, wadda ita ce aka fi mantawa da ita.

Ran 15 ga watan Yuli na 2025 aka yi jana'izar tsohon Shugaban Ƙasa, Manjo Janar Muhammadu Buhari, a garin Daura, Allah Ya jiƙansa. An yi masa duk irin karramawar da soja ke yi wa manyansu, kuma shi ma ɗaya ne daga cikin 'yan mazan jiya, domin ya yi yaƙin basasa. Amma a bayan kowane janar ɗaya da duniya ta san sunansa akwai dubban kurata da masu igiya ɗaya ko biyu ko uku, waɗanda ba wanda ya san su sai maƙwabtansu. Ana samun irinsu a cikin birnin Daura, da ƙasar Baure, da Zango, da Sandamu, da Mai'aduwa. Wani yana gadi a ƙofar gidan wani attajiri, wani yana noma 'yar gonarsa ta gado, wani kuwa yana zaune a zaure ba ya son magana da kowa.

Fitar 'ya'yan ƙasar Hausa zuwa yaƙi da kakin gwamnati ba yau aka fara ba. A Yaƙin Duniya na Biyu Turawan Ingila sun kwashi samari daga ƙasar nan cikin Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suka kai su dazuzzukan ƙasar Bama, har Hausa ta zama harshen da ake magana da shi a bariki. Sunayen barikoki irin su Dalet a Kaduna da Arakan a Ikko duk daga wuraren da aka gwabza a can aka samo su. Bayan samun mulkin kai sojan Nijeriya sun je Kwango daga 1960. Sa'an nan aka yi yaƙin basasa daga watan Yuli na 1967 zuwa 15 ga Janairu na 1970, wanda a cikinsa yawan soja ya tashi daga wajen 10,000 ya kai wajen 250,000. Daga 1990 aka shiga yaƙin Laberiya, daga bisani na Saliyo. Tun daga 2009 kuma ake fama da Boko Haram a Arewa maso Gabas, ga kuma 'yan bindigar daji a Jihar Katsina da maƙwabtanta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yaƙe-yaƙe ya bar matattu, ya bar marayu da matan da mazansu suka rasu, ya kuma bar rayayyu waɗanda ba su komo yadda suka tafi ba.

BASHI NE A KAN BAITULMALI

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne matsayin soja a wurin Shari'a. Tsakaninsa da hukuma akwai ƙullin alkawari irin na ijara: shi ya ba da ƙarfinsa da lokacinsa, ya kuma jefa ransa cikin haɗari domin tsare rayukan mutane da dukiyarsu; ita kuwa hukuma ta ɗauki alkawarin albashi, da magani, da kuɗin sallama, da fansho. To, idan ya cika nasa, sauran ya zama bashi tabbatacce a kan baitulmali. Imamul Buhari ya ruwaito wani hadisi ƙudusi wanda a cikinsa aka ambaci mutum uku da Allah da kanSa zai zama abokin husumarsu ranar Alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ɗan ƙodago, ya karɓi cikakken aiki daga gare shi, sa'an nan ya hana shi ladansa. An kuma ruwaito a cikin Buhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne. In haka ne hukuncin wanda ya hana ladan magini ko mai huɗar gona, ina ga wanda ya riƙe haƙƙin mutumin da ya bar ƙafarsa a fagen fama?

Tsaron jama'a kuwa aiki ne mai daraja a addini. Tirmizi ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa idon da ya kwana yana gadi saboda Allah yana daga cikin idanun da wuta ba za ta shafa ba. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa wanda ya kula da iyalin mayaƙi da alheri a bayansa yana da lada kamar shi ma ya fita. Niyya tana ga Allah, Shi ne Ya san wanda ya shiga soja domin tsare bayinSa da wanda ya shiga domin wani abu dabam, amma haƙƙin ijara yana nan a kan hukuma ko wace iri ce niyyar.

Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, shi ne ya fara tsara wannan al'amari a daular Musulunci. Wajen shekara ta 20 bayan Hijira ya kafa Diwani, watau littafin da aka rubuta sunayen mayaƙa da abin da za a riƙa ba kowannensu duk shekara. Ya fifita waɗanda suka halarci yaƙin Badar, ya yanka musu dirhami 5,000 kowane mutum, alhali kuwa a lokacin an yi shekaru goma sha da yin Badar, da yawa daga cikinsu ma sun manyanta. Ashe ke nan abin da suka gabatar a jiya shi ne ma'aunin abin da aka ba su.

Akwai wata ƙissa a cikin Sahihul Buhari wadda ta isa darasi ga duk mai riƙe da amanar fansho. Wata mace mai ƙuruciya ta tari Sayyidina Umar a kasuwa, ta gaya masa mijinta ya rasu ya bar mata ƙananan yara, ba gona ba dabba, ta kuma ce ita 'yar Khufafu ɗan Ima'u ce, na ƙabilar Gifar, wanda ya halarci Hudaibiyya tare da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Umar ya tsaya cik, bai wuce ba. Ya koma gida ya kwanto raƙumi ƙaƙƙarfa, ya ɗora masa buhu biyu na abinci, ya sanya kuɗi da tufafi a tsakaninsu, ya danƙa mata akala. Da wani mutum ya ce abin ya yi yawa, sai Umar ya kwaɓe shi, ya tuna masa cewa mahaifin wannan mata da ɗan'uwanta sun daɗe suna kewaye da wata ganuwa har suka ci ta da yaƙi, Musulmi kuma suka wayi gari suna cin amfanin wahalarsu. Umar bai ce mata ta komo gobe ba, bai kuma tura ta wani gari neman takarda ba.

Malaman fiƙihu sun bi wannan hanya. Ibnu Juzayyi, ɗaya daga cikin malaman Malikiyya, ya bayyana a cikin Alƙawaninul Fiƙhiyya cewa shugabanni adalai sukan fara kashe dukiyar baitulmali ne wajen toshe kafofin tsoro, da tanadin kayan yaƙi, da biyan mayaƙa, kafin a zo kan alƙalai da ma'aikata da gine-gine. Imamu Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya kawo mas'alar sojan da ya naƙasa da wanda ya mutu ya bar 'ya'ya a cikin Al'ahkamus Sulɗaniyya. Ya ce malamai sun rabu biyu: wasu suna ganin a ci gaba da ba su daga rabon soja domin ƙarfafa gwiwar waɗanda ke cikin aiki, wasu kuwa suna ganin a mai da su kan dukiyar zakka. Saɓanin nasu a kan asusun da za a ɗiba ne kawai. Ba a sami wanda ya ce a watsar da su ba.

Wannan haƙƙi bai tsaya kan soja Musulmi kaɗai ba. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a cikin Kitabul Kharaji cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya kama hannunsa, ya sa aka yanka masa abin masarufi daga baitulmali, yana mai nuna cewa ba adalci ba ne a ci moriyar mutum yana da ƙarfi a yar da shi in ya tsufa. Saboda haka tsohon soja Kirista da ya zauna a Daura bayan ya bar aiki, shi da Musulmi haƙƙinsu ɗaya ne a kan hukuma.

RAUNIN DA IDO BA YA GANI

Wanda harsashi ya sama ko nakiya ta tashi da shi, kowa yana ganin rauninsa, yana kuma tausaya masa. Amma akwai wani rauni da ba ya jini. Mutum zai komo da gaɓoɓinsa cikakku, amma barci ya ƙaurace masa. In ya runtsa sai ya yi mafarkin abin da ya gani, ya farka a firgice, jiƙe da gumi. Ƙarar tayar mota da ta fashe, ko bindigar 'yan tauri da mafarauta ranar hawan Salla, takan mai da shi fagen fama nan take, kamar yanzu abin ke faruwa. Yakan guje wa taro, ya zauna yana fuskantar ƙofa, ya riƙa fushi a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wani yakan ga kamar laifinsa ne da abokansa suka mutu shi ya tsira. Wani kuma yakan faɗa shaye-shaye domin neman abin da zai sa shi barci, daga nan gida ya rikice, aure ya mutu, yara su watse.

Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan ciwo, wanda za a iya kira ciwon firgici na bayan tashin hankali. An lura da shi ga sojojin Turai tun a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta shigar da shi cikin littafinta na cututtuka. Bayaninsu shi ne, jikin ɗan Adam yana da wata halitta da Allah Ya yi masa wadda ke zaburar da shi in haɗari ya taso. Ga wasu mutane, in tashin hankalin ya tsananta ko ya daɗe, sai wannan zabura ta ƙi kwanciya ko da haɗarin ya wuce. In alamun sun zarce wata guda suna hana mutum harkokinsa, to, ya zama ciwo mai bukatar magani. Ba kowane soja yake kamawa ba, kuma yakan kama wanda ba soja ba, kamar wanda aka sace aka yi garkuwa da shi, ko wanda aka kai wa ƙauyensu hari. Yana kuwa jin magani, ta hanyar zama da masani a tattauna bisa tsari, da kuma ƙwayoyin da likita ke rubutawa in da bukata.

Babban kuskuren da ya yaɗu a cikin jama'a shi ne ɗaukar wannan hali a kan raunin imani ko ragwanci. Alƙur'ani mai girma bai ɓoye tsoron da ya sami mafifitan mutane ba. A aya ta 10 da ta 11 ta Suratul Ahzabi Allah Ya siffanta irin firgitar da ta sami sahabbai ranar yaƙin Gwalalo, a shekara ta 5 bayan Hijira, siffantawar da ta ambaci abin da tsoro ya yi wa idanunsu da zukatansu, Ya kuma kira su muminai a daidai wannan wuri. A Suratul Anfali aya ta 11, da Suratu Ali Imrana aya ta 154, Allah Ya ambaci gyangyaɗin da Ya saukar wa mayaƙan Badar da na Uhudu a matsayin aminci daga gare Shi. Wanda ya yi tunani a kan waɗannan ayoyi zai gane cewa barci ga mayaƙi rahama ce, wanda kuwa ya rasa shi ya cancanci tausayi. Annabi Yaƙubu ma, amincin Allah ya tabbata a gare shi, baƙin ciki ya taɓa ganinsa, kamar yadda ya zo a Suratu Yusufa, wannan kuwa bai rage kome daga annabcinsa ba.

Littattafan Sira sun kawo abin da ya faru bayan yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira. Da rundunar ta komo Madina bayan Khalidu ɗan Walidu ya janye ta daga gaban Rumawa, sai wasu mutane suka tarye su suna watsa musu ƙasa, suna kiransu matsorata da suka gudu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya nuna cewa su masu sake komawa ne in Allah Ya so. Duk da haka maganar mutane ta yi wa wasunsu illa. Uwar Muminai Ummu Salama ta lura ba ta ganin Salamatu ɗan Hishamu a wurin salla, ta tambayi matarsa, matar ta ce ai ba ya iya fita, domin duk sa'ad da ya fito sai a yi masa ihu, shi ya sa ya kulle kansa a gida. A dubi wannan da kyau: sahabi ne, kuma harshen jama'a ne ya tsare shi a ɗaki, wadda ta fara neman labarinsa kuwa matar Annabi ce. A wannan yaƙin ne Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada, Manzon Allah ya tafi gidansa da kansa ya rungumi 'ya'yansa, ya kuma yi umurni a dafa wa iyalinsa abinci.

Haka nan ƙissar Usamatu ɗan Zaidu, wadda Buhari da Muslim suka ruwaito. Ya kashe wani mutum a wurin yaƙi bayan mutumin ya furta kalmar shahada, yana zaton tsoron takobi ne ya sa shi. Manzon Allah ya yi ta maimaita masa tambaya a kan haka, har Usamatu ya yi burin ina ma a ce sai a ranar ya musulunta. Abin ya zauna masa a rai har ƙarshen rayuwarsa, ya ƙi sa hannu cikin yaƙe-yaƙen da suka auku tsakanin Musulmi daga baya. Amma Manzon Allah bai yar da shi ba, har ya naɗa shi shugaban runduna daf da wafatinsa. Akwai tsofaffin sojoji da yawa masu ɗauke da irin wannan nauyi na abin da hannunsu ya aikata, ba su kuwa da wanda za su gaya wa.

Game da neman magani, Buhari ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face Ya saukar mata da magani, ba a kuwa ware cutar hankali ba. Da aka ji wa Sa'adu ɗan Mu'azu rauni a yaƙin Gwalalo, Manzon Allah ya sa aka ajiye shi a tantin Rufaida, wadda ke jinyar masu rauni a masallaci, domin ya riƙa duba shi daga kusa. Malaman Musulunci kuma sun daɗe da yin magana a kan ciwon rai. Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya wallafa Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin tsoro da firgita da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtuka masu magani kamar na jiki. Asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina ya yi waƙafinsa a Alƙahira a 1284 yana da sashen masu taɓin hankali.

Saboda haka addu'a da ruƙiyya ta Shari'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna, kamar yadda mai karaya yake addu'a ya kuma je wurin maɗori. Abin da Shari'a ba ta yarda da shi ba shi ne duka, da ɗauri, da horo da yunwa da sunan magani. Mutanen Daura ba su manta ba da gidan marin da 'yan sanda suka rufe a garin a watan Oktoba na 2019, bayan an sami mutane a ɗaure cikin mummunan hali. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can da yawa gyara suke nema, rashin wurin da ya dace ne ya kai su. Mutumin da firgici ya riga ya cinye, mari ba abin da zai ƙara masa sai firgici.

ABIN DA KE AKWAI DA ABIN DA YA RAGE

Adalci ne a faɗi cewa gwamnati ba ta zauna haka kawai ba. Akwai Ƙungiyar 'Yan Mazan Jiya ta Nijeriya wadda doka ta kafa tun 1964. Akwai Hukumar Fansho ta Soja a Abuja, da cibiyar koya wa soja sana'a kafin su bar aiki a Oshodi ta Ikko, da tsarin inshorar lafiya na soja wanda ya haɗa da waɗanda suka yi ritaya. Kowace shekara ran 15 ga Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ana kuma tara gudummawa da sunansu. A 2022 ƙungiyar matan hafsoshin soja da 'yan sanda ta aza harsashin wata cibiya a Abuja domin jinyar sojojin da ke fama da ciwon firgici. A watan Janairu na 2023 marigayi Shugaba Buhari ya sa hannu a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai wannan larura haƙƙinsa na mutunci da magani. A nan Daura kuwa an buɗe asibitin Rundunar Sojan Sama a 2019, ga kuma Cibiyar Lafiya ta Tarayya.

Amma fa tsakanin doka da ɗakin mara lafiya akwai tafiya. A watan Janairu na 2025 tsofaffin sojoji sun tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya a Abuja suna neman a biya su haƙƙoƙinsu, ba kuwa wannan ne karo na farko ba. Dattijon da ya tsare ƙasa ya shimfiɗa tabarma a bakin titi yana roƙon abin da yake nasa, wannan abin kunya ne ga al'umma duka. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba, ga mutane fiye da miliyan 200, mafi yawansu kuma suna manyan birane. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa suna Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau ta Kano. Tsohon sojan da ke wani ƙauye a ƙasar Baure ko kusa da Kwangwalam, kafin ya kai ɗaya daga cikinsu sai ya sayar da akuya, ga shi kuma ba zuwa ɗaya ake yi ba.

Abin da ya wajaba a kan masu mulki a bayyane yake, tun da Manzon Allah ya sanar cewa kowane shugaba makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Na farko, a biya fansho da kuɗin sallama a kan kari, a kuma sauƙaƙa tantancewa yadda tsoho da gurgu da matar mamaci ba za su riƙa doguwar tafiya ba. Na biyu, a duba lafiyar hankalin kowane soja sa'ad da ya komo daga fagen fama, da kuma kafin a sallame shi, a ci gaba da bibiyarsa bayan ya koma gida. Na uku, a buɗe sashen wannan jinya a asibitocin da ke Daura, a horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara su gane alamun ciwon, a kuma sa magungunansa cikin inshora. Na huɗu, kada a bar soja ya daɗe ainun a bakin daga ba canji. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya shawarci 'yarsa Hafsa, sa'an nan ya iyakance zaman mayaƙi nesa da iyalinsa, wasu riwayoyi suka ce wata huɗu, wasu suka ce shida. Rigakafi ya fi magani. Gwamnatin Jihar Katsina kuma ta tuna cewa samarin rundunar tsaron al'umma da ta kafa a watan Oktoba na 2023 suna ganin irin abin da soja ke gani, su ma wata rana za su zama 'yan mazan jiya.

RABON JAMA'A

Nauyin bai ƙare a kan gwamnati ba. Masarautar Daura, a ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Umar Faruk Umar, tana da hakimai da dagatai da masu unguwa waɗanda suka san kowane gida. Ba abu ne mai wuya ba kowane mai unguwa ya san tsofaffin sojojin da ke unguwarsa, da marayunsu, da wanda ke cikin larura, a haɗa sunayen a miƙa inda ya dace. Limamai su yi wa mutane bayani a huɗuba, kuma in liman ya daina ganin wani a sahu, ya bi sunnar Ummu Salama ya tambaya. Mawadata su sani cewa tsohon soja matalauci, ko wanda bashi ya yi wa katutu, yana cikin waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata a rabon zakka. Samari kuma su bar tsokanar irin waɗannan dattawa da kiransu da sunayen banza, ko buga musu wani abu mai ƙara don a ga zaburarsu a yi dariya, domin Abu Dawuda ya ruwaito hani a kan firgita Musulmi ko da wasa ne.

Matan aure da 'ya'yan waɗannan bayin Allah su ne suka fi kowa sanin halin da ake ciki, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haƙurinsu yana da lada mai yawa, amma haƙuri bai hana a nemi taimako ba. In har abin ya kai ga duka, ko mutum ya fara ambaton kashe kansa, to, wajibi ne a sanar da manya a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba, domin tsare rai yana gaba da tsare sirri.

Shi kuma tsohon soja ya sani cewa zuwa wurin likita bai rage masa mazantaka ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya riƙe salla cikin jam'i, da zikirin safe da maraice, ya nisanci kayan maye, domin suna ƙara ciwon ne. Ya yi bushara da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa duk wata gajiya ko cuta ko damuwa ko baƙin ciki da ya sami Musulmi Allah Yana kankare masa zunubi da shi. In kuwa ya san ya zalunci wani a lokacin da yake riƙe da bindiga, to, kaki ba ya kankare haƙƙin bawa. Ya tuba, ya mayar da abin da zai iya mayarwa, ya nemi gafarar wanda zai iya samu, ya yawaita sadaka da addu'a ga wanda ba zai iya samu ba, kada kuma ya yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba marasa lafiya lafiya ta jiki da ta zuciya, Ya raya marayu, Ya ba shugabanni ikon sauke amanar da ke wuyansu. Allah Ya zaunar da ƙasar Daura da Jihar Katsina da Nijeriya baki ɗaya lafiya, amin.